Shuɗin Hannun Kawu

Jiya maƙwabciyata ta shanya fararen kayan makarantar 'ya'yanta, ruwan bula yana ɗiga daga gefen riga yana taruwa a kan siminti. Na tsaya ina kallo har ta tambaye ni ko lafiya. Na ce mata lafiya lau. Ku zan gaya wa abin da ban gaya mata ba.

Duk dogon hutu, in damina ta kankama, Umma takan ɗauke ni daga garinmu a Jigawa mu tafi unguwar Sharaɗa a Kano wajen ƙanenta. Kawu ma'aikacin masaƙa ne, a ɓangaren rini. Ɗaki biyu yake haya a bayan kamfanoni, inda kwata ke gudana ja da safe, kore da yamma, iska kuma takan kawo warin fatu. Ni dai ban taɓa ganin munin wurin ba.

'Ya'yansa uku ne, duk ƙanana: babbar shekararta biyar, mai bi mata uku, sai na goye. Suna da wani wasa. Da sun ji ƙararrawar kekensa bayan la'asar, sai su ruga bakin ƙofa suna tambaya, "Baba, yau wace kala?" Shi kuma ya ɓoye hannuwa a baya har kowa ya canka, sannan ya buɗe. Rinin masaƙa ba ya jin sabulu. Yakan kwana uku a tafin hannu da ƙarƙashin farce, na yau ya hau kan na jiya. Ina 'yar shekara tara, na ɗauka kawu yana zuwa ne inda ake haɗa launin sararin sama.

Shekarar da nake ba ku labari, an rufe masaƙar wata biyu kafin zuwanmu. Matarsa kaɗai ta sani. Ya roƙe ta kada Umma ta ji, domin in Umma ta ji, kakarmu za ta ji. Ita kuwa tsohuwar tana kwance ba lafiya, ba ta da zancen da ya wuce ɗanta mai aikin kamfani a Kano. Saboda haka kullum da safe yakan ɗaure kular abinci a bayan keke, ya zaga Bompai da Dakata yana tambayar masu gadi ko ana ɗaukar mutane. In zai dawo, sai ya tsaya a bakin layi, ya jiƙa bular wanki ya shafa a hannu.

Duk wannan daga baya na sani. Abin da na gani a lokacin, miya ba nama, matar kawu kuma kullum ta ce ta riga ta ci.

"Kullum shuɗi, kullum shuɗi," in ji babbar 'yarsa tana turo baki. "Mu ja muke so."

"Sai mun gama na shuɗin, uwata," in ji shi, ya wuce ɗaki da kwanonsa.

A kwana na uku Umma ta yi dambu da zogalen da muka zo da shi, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida.

"Yau dai ba za ka shige ɗaki kamar sabon ango ba. Zo mu ci tare."

"Yaya, ku ci, a ƙoshe nake."

"Ka ƙoshi da me? Ke, ɗauko buta ki zuba wa kawunki ruwa."

Ya daɗe kafin ya miƙo hannuwan. Na zuba. Ruwan ya sauka shuɗi, ya bi ƙasa har gefen tabarma, tafin hannunsa ya fito fes. Murna ta kama ni.

"Umma, kin gani? Yau ya fita. Ni na fitar masa."

Babu macen da ba ta san bula ba. Umma ta dubi ruwan, ta dubi matar kawu, wadda ta juya baya tana gyara goyon da bai kwance ba.

"Tun yaushe?" in ji Umma a hankali.

"Wata biyu, Yaya. Don Allah kada Inna ta ji."

Babbar 'yar ta kama hannunsa tana jujjuyawa. "Baba, yau babu kala?"

Dambun ya huce a faranti.

Washegari muka kama hanya, don Umma ba za ta iya ƙara cin lomar yaran nan ba. Kwana huɗu muka yi maimakon wata guda. Umma ta cika alƙawari, ba ta faɗa ba. Amma tsohuwar ta san daɗewar hutunmu na kowace shekara. Ta dube mu, ta juya fuskarta bango, ba ta ƙara ambaton kamfani ba har ta rasu kafin girbi.

Hutun Sharaɗa bai sake dawowa ba. Ɗakin haya ya gagara, aka rarraba yaran a gidajen dangi. Yanzu a Kano nake zaune. Ginin masaƙar yana nan, ya zama ma'ajiyar atamfar da tireloli ke kawowa daga waje, kuma kawu ne yake gadin ƙofarsa. Na taɓa tambayar babbar 'yarsa ko tana tuna wasan canke. Ta yi tunani, ta ce a'a.

Ni kaɗai na rage da shi, sai kawu. In na je gaishe shi yakan tashi daga benci, ya amsa da fara'a, ya tambayi Umma. Amma har in tafi, hannuwansa suna cikin aljihu.