Bakin da Ya Ƙi Fita

A bakin kasuwa, wata malamar makaranta na jiran a ɗinke mata takalmi, sai idonta ya sauka kan wani tsoho a rumfar da ke kusa. Siriri ne, laka ta bushe masa har gwiwar hannu. Kan mace yake ginawa da yumɓu. Ido da hanci sun fito tsaf, saura baki.

Yana jiƙa babban yatsa, ya fitar da leɓe, ya ja da baya ya ƙura ido. Sai ya yi tsaki, ya shafe. Sau bakwai ke nan tana ƙirgawa, har ranta ya fara ɓaci kamar aikinta ne. A kan katakon bayansa kawuna biyar ne a jere, fuska ɗaya, duk babu baki. Matarsa ce? Ko 'yarsa?

Da ya sake ɗaga yatsa zai shafe, ta kasa haƙuri.

"Haba Baba, don Allah bar shi! Ai ya yi kyau."

Ko kallonta bai yi ba.

"Kyau kam ya yi, 'yata. Amma ba haka take murmushi ba."

Ya shafe.