Matar da ke Tsaye a Hagun Kyamara

Kafin masu fitilu su gama warware wayoyinsu, Anti Mai Takarda ta riga ta iso. Za ta ajiye jakarta, ta goge tabarau da bakin gyale, ta ɗauko takardun labarin, sannan ta je ta tsaya a hagun kyamara. Shekara ashirin da uku ke nan a wannan gurbi, ko gefen kunnenta bai taɓa fitowa a fim ba.

Aikinta kuwa mutane ba su san da shi ba. Idan ana ɗaukar fuskar jarumi shi kaɗai, abokiyar wasansa ta tafi wani aikin, Anti ce ke karanta masa maganar waccan domin ya samu wanda zai kalla ya amsa wa. Ta yi budurwa, ta yi suruki, ta yi ɗan sanda. "Maza nawa suka ce suna sona a nan," in ji ta, "ko ɗaya bai raka ni bakin titi ba!"

To, kun dai ga fim ɗin soyayyar nan mai ban dariya da ake ta magana a kai, na telan da ya raina matarsa sai da ta haɗa kaya. Jarumin ɗan barkwanci ne, kowa ya yanke cewa iyakarsa ke nan. Fitowar ƙarshe, inda zai roƙi gafarar matar, ita ce damarsa guda ta nuna ba haka ba ne. Sau bakwai ana ɗauka yana ɓatawa, da ya zo kan "ki yafe mini" sai ya kashe ido, ma'aikata su kwashe da dariya.

Darakta ya jefar da hularsa. "Saura ɗaya. In bai yiwu ba, na cire fitowar gaba ɗaya."

Aka kunna kyamara. Jarumin ya dubi Anti ya ce, "Ki yafe mini." A takarda, matar za ta ce, "Na yafe, tashi." Anti ba ta ce komai ba.

Ya jira. Murmushin ya fara zamewa daga fuskarsa. Mai riƙe da sandar sauti ya rantse mini yana jin numfashin mutumin yana rawa. Can ya ce, da muryar da babu wanda ya san yana da ita, "Ba za ki ce komai ba?" Wannan jimlar ba ta cikin labarin, kuma ita ce yau ta sa sunansa cikin waɗanda ake sa ran za su ɗauki kyautar gwarzon jarumi.

Na tambayi Anti dabarar, sai ta yi dariya. "Wace dabara, ɗana? Rubutun ne ya ɓace mini, wallahi. Idon ya daɗe yana yi mini haka, ina ɓoyewa. Na buɗe baki zan ce a tsaya, sai na ga fuskarsa ta fara faɗin gaskiya. Na ce a raina, wannan ba a katse shi."

Da aka gama fim ɗin ta miƙa takardun, ta ce ta huta. Abin ya taɓa ni ƙwarai.

Anti, ke ce kika ba jarumai idon da za su kalla, kika bar musu tafi. Ke ce ranar da idonki ya gaza, kika tuna da aikin wani kafin naki. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya, ya saka da alheri. Masu tasowa a wannan sana'a, ku koyi sauraro irin nata.

Ko jarumin ya samu kyautar ko bai samu ba, ku sake kallon fitowar nan. Ku lura da inda idonsa yake, can hagu kaɗan da kyamara. Anti ce a wurin.