Gonar Dattijo a Kwamfuta

A shagon gyaran kwamfuta wani dattijo ke tsaye, furfura har gemu, takalmi na sheƙi. Da gani a ofis miƙewa ake yi in ya shigo. Mai gyara ya buɗe manhajar da ke sauke wasanni tana jera su, ga su nan reras kamar kayan kanti.

"Na yarona ne," in ji dattijon, yana ta gyara tabarau.

"To Baba, su suka cika ta. Bari in goge duka."

Caraf dattijon ya riƙe masa hannu.

"Bar na noman nan. Tumatirina bai nuna ba."

Shago ya yi tsit. Kansa a sunkuye, kamar ƙasa ta tsage ya shige, amma ya ƙi sakin hannun.