Iya Nas da Jakar Baba Direba

Kafin a raba shayin safe a gidan kula da tsofaffi, Iya Nas takan wanke hannu sau takwas. Ɗaki-ɗaki take bin waɗanda aka sa wa robar fitsari. Ta sa safar hannu, ta wanke inda robar ta shiga jiki da ruwa da sabulu, ta warware inda ta lanƙwashe, ta juye jakar da fitsarin ke taruwa a ciki, kowa da mazubinsa. Shekara ashirin da shida tana haka. Abokan aiki suna tsokanarta wai warin aikin na bin ta, shi ya sa ita kaɗai take cin abincin rana a bayan ɗakin wanki. Abin da ban haushi.

Wanda ya fi ba ta wuya shi ne Baba Direba, tsoho mai kunyar tsiya. Duk ranar ziyara sai ya ɗora jakar fitsarinsa a cinya ya rufe da riga, ya zauna bakin ƙofa a keken guragu yana jiran 'yarsa. Jakar kuwa in ta hau sama da mafitsara, baya fitsarin yake komawa da ƙwayoyin cuta. Sau biyu zazzaɓi yana kayar da shi. Likita ya ce na uku ƙoda zai taɓa.

"Baba, jakar nan a ƙasa take zama," in ji Iya.

"Haba 'yar nan, so kike jikokina su tarar da fitsarina a fili?"

Ba ta yi masa faɗa ba. Gida ta je ta ɗinko 'yar jakar yadi, ta zura ta fitsarin a ciki, ta ɗaure ƙarƙashin keken yadda ba za ta taɓa ƙasa ba.

"Duk wanda ya tambaya, ka ce rediyonka ne."

Ya yi dariya har da tari. Ranar babu wanda ya zo. Iya ce ta jawo kujera ta zauna da shi har aka rufe ƙofa.

Wata goma sha huɗu bai sake kwanciya ba. Da 'yar ta leƙo ta gan shi garau, likita ne ta yi wa godiya.

Iya, ke ce mai rufin asirin tsofaffi. Makon jiya kika ajiye aiki, ba taro ba jawabi. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu wannan aiki, ku kama halinta. Masu iyaye a irin gidan nan, ku riƙa leƙawa, don Baba yana nan da ransa a bakin ƙofa, sai dai yanzu mutum biyu yake jira.