Tayin Gidan Inna Hauwa

A Tanut, in aka ambaci dillalin gida mutane sukan taɓe baki, kuma da gaskiyarsu. Mafi yawansu bakinsu na wajen mai sayarwa, cikinsu na wajen mai saye. Barmo bai iya wannan rabon ba, shi ya sa ya haura hamsin yana kan tsohon babur ɗin da sai an tura yake tashi.

A kasuwar dabbobi ya girma, bayan kawunsa dillalin raƙuma. Can ya koyi cewa wanda ya damƙa maka igiyar dabbarsa baƙonka ne. Gidanka zai kwana, tuwonka zai ci. In an taya, ka kai masa tayin yadda aka yi shi, ba ƙari ba ragi. Shi ke da bakin cewa "albarka" in ya ƙi, shi ke da bakin cewa "na sallama" in ya yarda, kuma in ya sallama gaban shaida magana ta ƙare. Da garin ya fara faɗaɗa, Barmo ya ajiye igiya ya koma gidaje da filaye, amma da wannan tarbiyyar ya zo, kamar bai san mutane sun sake ba.

Gidan Inna Hauwa ne ya kusa hana shi cin tuwo. Tsohuwar da man gyaɗa da ƙuliƙuli ta gina shi, ɗaki bayan ɗaki, har ta samu ta shafe gabansa da siminti. Da ciwon yanar ido ya rufe mata gani, 'yarta Rahama ta ɗauke ta zuwa Belbeji. Aka ce likitocin ido za su zo Damagaram bayan Sallah. Ba ta da abin sayarwa sai gidan, ta aika wa Barmo da makulli.

Ya samu mai so, Mushe Yahuza, kamar yadda ake kiran malamin lakkwal, wato makarantar boko, wanda ya zaga gidan ya yaba, sai dai yana jiran wani kuɗi da zai fito masa. Kafin ya buɗe baki, Alhaji Audi ya riga shi.

Alhaji Audi ɗan kasuwar hatsi ne, kuma filayensa na bayan gari Barmo ke sayar masa. A taƙaice, rabin abin da ake dafawa gidan Barmo daga hannunsa yake fitowa. Alhaji bai kira Barmo gefe ba. Sai da aka taso daga la'asar, rumfar mai shayi ta bakin tasha ta cika, sannan ya ɗaga murya ya taya gidan abin da bai kai rabin darajarsa ba. Ko kuɗin ƙofofi da kwanon rufi sai da kyar.

Ya san abin da yake yi. A nan ba a shiga cinikin wani. Muddin tayi na tsaye, mai abu bai amsa ba, duk mai mutunci ya janye hannunsa. Dokar da aka kafa don hana rigima tsakanin musulmi, ita ce Alhaji ya mayar kwaɗo ya garƙame gidan tsohuwa da ita. Mushe Yahuza ya ajiye kofinsa ya ce, "To, Barmo, Alhaji ya riga ni," ya kama hanya.

"Kira ta a salula yanzu, mu ji," in ji Alhaji.

"Alhaji, ba a kai tayin gida ta waya. Ba akuya ba ce."

"Ko akuya ce ai ta fi wannan kangon lafiya." Aka yi dariya, irin dariyar da ake yi wa mai kuɗi ko bai faɗi abin dariya ba. Da mutane suka ragu Alhaji ya matso. "Gobe Sidi direbana zai kai ka da motata, shi ne shaida. Ka ce mata kasuwa ta mutu, bango ya tsage. Mace ce mai bukata, ba za ta ja ba. La'adarka ninki biyu. Kuma ka san akwai sababbin filaye da zan fitar."

Barmo ya tura babur ɗinsa ya tafi. A gida matarsa Zuhaira ta ajiye masa akushi, ya buɗe ya rufe.

"Malam, ka kai tayi kawai ka yi shiru mana," ta ce. "Ba ka yi ƙarya ba, ba ka ɓata da Alhaji ba."

Abin da ke cin sa ke nan. Ya san Inna Hauwa. Mace ce mai kunya, ba ta taɓa sayar da abin da ya fi tulun mai ba. In ya faɗi tayin ya yi shiru, shirun nasa za ta ɗauka shawara ce.

Da safe suka ɗauki hanya. Motar Alhaji mai sanyi ce, amma gumi ya jiƙa wa Barmo riga tun kafin su bar kwalta. Sidi mutum ne mai surutu, kuma kowa ya san duk abin da ya shiga kunnensa da rana, kafin magariba yana kunnen maigidansa.

"Baba Barmo, ka ga rabo yana bin ka har da mota. Bana dai babur ɗin nan zai huta."

"Uhm."

Suna ratsa gonakin da aka girbe, Barmo yana jera magana a ransa tana rushewa. In ya ce mata ta ƙi, Mushe Yahuza kuma kuɗinsa bai fito ba fa? Likitoci su zo su tafi, tsohuwa tana zaune cikin duhu da gidan da ba ta iya gani. Wa zai ɗauki alhakin? In kuma ya bari ta sallama, kuɗin zai kai ta Damagaram ya komo da ita, daga nan sai ta zauna hannun suruki har mutuwa.

Sun samu Inna Hauwa a inuwar zaure kan tabarma, tana ɓarar gyaɗa da lalube. Ta gane muryarsa tun daga sallama.

"Barmo ne? Har yanzu kana jan ƙafar nan kamar mai bin raƙumi. Wa ke tare da kai?"

"Sidi ne, Inna, direban Alhaji Audi. Alhaji ya taya gida."

Bayan gaisuwa ya faɗi tayin, daidai yadda aka yi shi. Rahama da ke tsaye bakin ƙofa ta ja numfashi. Tsohuwar ta daina ɓara. Ta daɗe tana juya ƙwayar gyaɗa ɗaya a hannu.

"Haka gidaje suka koma?" ta ce a hankali. "To, ku kuka san kasuwa. Tunda abin da Allah ya kawo ke nan, ni dai na..."

"Inna, dakata."

Sidi ya ɗago kai. Barmo ya ci gaba, idonsa a kan tabarma.

"Ban gama isar da saƙo ba. An ce in ce miki kasuwa ta mutu. Ba ta mutu ba. An ce in ce bango ya tsage. Jiya na zaga shi, ƙalau yake. Gidanki ya fi ninkin wannan tayi. An yi mini alkawarin la'ada biyu in kika sallama, gara ki sani. Akwai wani malamin lakkwal da ke so, wannan tayin ne ya tare shi. Amma kuɗinsa bai zo hannu ba, kuma ba zan rantse miki zai zo kafin likitoci su iso ba. Na Alhaji yau ne, a hannu. Ga shi duka na ajiye gabanki."

"Baba Barmo," in ji Sidi, "da wannan aka aiko ka?"

"Makullin wa ke aljihuna, Sidi? Nata ko na Alhaji?"

Inna Hauwa ta juyo da fuskarta wajen muryar. "Kai me ka gani, Barmo?"

"Ba ni da bakin wannan, Inna. Gidanki ne, idonki ne."

Kaji na ta tsattsagar ɓawon gyaɗa a gefe. Barmo ya samu kansa yana addu'a, bai ma san wace amsa yake roƙo ba.

"Yaro," ta ce wa Sidi, "ka gai da Alhaji. Ka ce masa albarka."

Sidi ya karkaɗe wandonsa, ya fita ya yi waya a gindin mota, ya komo ya ce an aike shi wani wuri, ba ta Tanut zai bi ba. Barmo a bayan motar 'yan kasuwa ya koma, kan buhunan wake.

Alhaji Audi bai yi faɗa ba, manya ba sa yi. Kawai ya kwashe filayensa ya ba wani dillali, kuma a rumfar mai shayi aka shiga kiran Barmo wawa, wai ya zubar da tuwonsa don tsohuwar da ba uwarsa ba. Masu faɗin haka, da gidan uwarsu ne, da sun nemi wawan da fitila.

Kuɗin Mushe Yahuza ya makara. Likitoci suka zo suka tafi. Kullum Barmo sai ya bi ta ƙofar lakkwal, ba ya tambaya, malamin ma sai ya girgiza kai tun daga nesa. Sai da damina ta kusa aka yi cinikin da Mushe Yahuza, a kan farashin da Inna Hauwa ta sallama da bakinta ba tare da muryarta ta yi rawa ba. Rahama ta kai ta asibitin Damagaram aka yi aikin. Ido ɗaya ya buɗe. Ɗayan, aka ce, ba abin da za a iya yi masa.

Barmo ya tambayi Rahama ko jinkirin ne ya jawo. Ta ce likita bai faɗa ba. Ya sake tambayarta da suka haɗu a kasuwa, ta ce, "Baba, wallahi bai faɗa ba." Har yanzu in ya ji wani zai je Damagaram ganin likitan ido, sai ya bi shi har tasha, ya roƙe shi ya tambayo masa: in yana ta daɗe a ido, watannin da aka ƙara suna iya kashe shi?