Tukuicin Da Na Ƙi Karɓa A Awali

Akwai wata la'asar a wata gonar dabino a Awali, gefen Madina, da har in koma ga Allah ba za ta fita daga raina ba. Shekaru sun ja, gemuna ya yi fari, na manta abubuwa da yawa da suka fi ta nauyi, amma ita kam tana nan daram. Duk ranar da na tuna ta sai in ji kunya ta kama ni sabuwa.

A farkon shekarun 1980 ne. Ina aiki a wata ƙaramar cibiyar bincike a nan Madina, wajen Ƙiblatain. Mu takwas ne. Aikin cibiyar shi ne nazarin halin da alhazai da baƙin da suka zauna suke ciki, masaukinsu, ruwansu, lafiyar tsofaffinsu, sannan a rubuta shawara a kai wa hukuma. Ba gwamnati ke riƙe da mu ba, masu hali ne ke ɗaukar nauyinmu. Ni ba na cikin masu binciken. Nawa aikin shi ne hulɗa da manyan masu bayarwa: in ziyarce su, in sha gahawarsu, in saurari labarin da na riga na ji sau biyar, in gane ranar da ta dace a yi magana da ranar da ta dace a ja baki. Abokan aikina suna tsokanata wai albashin shan gahawa nake karɓa. Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina, gani nake babu attajirin da ba zan iya shawo kansa ba.

A Madina aka haife ni. Kakana ne ya zo da ƙafa daga ƙasar Kano ta hanyar Sudan. A gida ana yi mini Hausa ina amsawa da Larabci, irin na yaran zamaninmu, amma a ofis ni ne gwanin Hausa tunda babu wani. Shugabanmu, wanda muke kira Dakta, Balarabe ne mai gaskiya da tsauri. Yana da doka ɗaya da kowa ya sa wa hannu ranar da ya kama aiki: ma'aikaci ba ya karɓar komai daga hannun mai ba cibiya taimako, ko da alƙalami ne, wanda ya karɓa kuwa ya ajiye aiki. Ina alfahari da dokar nan ƙwarai, har nakan yi wa mutane bayaninta ba su tambaye ni ba.

A shekarar ne mai gidan da muke haya ya ba mu wa'adi zuwa bayan aikin Hajji, ya ce zai rushe ya gina masaukin baƙi. Ba mu da inda za mu kai littattafanmu da takardunmu, kuma kowa ya san in muka rasa mazauni cibiyar ta watse. Duk idanu suka dawo kaina, domin akwai wani dattijo da na shekara biyu ina bibiya.

Dattijon nan asalinsa daga Damagaram ne, a goye aka shigo da shi Hijaz. Da hawan dabinon mutane ya fara, har Allah ya hore masa gonaki nasa na kansa a Awali. Yana da wani babban gida kusa da mu da ba kowa a ciki, kuma ya yi alkawarin mayar da shi wakafi ga cibiyar. Abin da ya ja hankalinsa gare mu shi ne binciken da muke yi a kan tsofaffin da suka tsufa a garin nan ba tare da takardar zama ba. Ya taɓa gaya mini mahaifiyarsa a haka ta rasu. An ma tsayar da rana, Lahadi mai zuwa, za mu haɗu a kotu a rubuta wakafin.

Ranar Laraba aka kawo kwafin farko na rahoton binciken nan daga wajen masu ɗinkin littafi. Dakta ya rubuta wasiƙar godiya ya sa a ciki, ya ce in kai wa dattijon da hannuna. Na same shi bayan sallar la'asar a cikin gona, an shimfiɗa darduma a inuwa, ruwa na bin lambatu a gefe. Abokansa tsofaffi uku suna tare da shi. Ya karɓi littafin da hannu biyu, ya jujjuya shi, ya sa ɗaya daga cikinsu ya karanta masa wasiƙar. Ban taɓa ganin fuskarsa ta saki irin na ranar ba. Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro wata 'yar kwalbar turaren udu, ya miƙo mini.

"Matso, ɗana. Ga tukuicinka."

Na san kalmar, amma sama-sama, a zatona wani sunan kyauta ne kawai. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne ga damar da zan nuna masa irin amanar mutanen da zai ba gidansa. Na mayar da hannuwana baya, na ɗan yi murmushi, na ce masa da Larabci, "Mamnu'u, ya ammi." Wato an hana, doka ba ta yarda ba. Har na ƙara da bayanin takardar da muka sa wa hannu.

Hannunsa ya daɗe a miƙe kafin ya sauke shi, ya ajiye kwalbar a kan darduma. Abokansa kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Ya ce, "To." Daga nan ya sa aka kira direbansa ya mayar da ni gari. A mota ina ta jin daɗin kaina, ina shirya yadda zan ba Dakta labari. Wautar ƙuruciya ke nan, an yi maka sallamar kora kana zaton karramawa ce.

Ranar Lahadi ni da Dakta muka zauna a bencin kotu tun safe har aka kira azahar. Dattijo bai zo ba, bai aiko ba. A nan na fara shan jinin jikina. Na buga waya gidansa, aka ce yana hutawa. Washegari aka ce ya fita. Na ɗauki mota na tafi Awali, mai gadi ya ce ba ya nan, alhali ga motarsa ina hange ta ƙofa.

Mako uku na yi na kasa zaune na kasa tsaye. In na zo ofis ba na iya zama a kujera, sai kai-kawo tsakanin waya da taga. Abokan aikina suka daina tsokanata, wannan ya fi tsokanar ciwo. Ɗayansu matarsa na da tsohon ciki, kullum sai ya leƙo ya tambaye ni ko akwai labari, ni kuma in ce masa ana nan ana ƙoƙari. Abinci ya daina shiga. Na rubuta wasiƙa biyu na yaga, na aika ta uku ba amsa. Na riƙa zuwa Harami sallar la'asar ina zagaya inda ya saba zama. Sau ɗaya na gan shi, na yi masa sallama, ya amsa cikakkiya, ya ci gaba da jan carbinsa. Babu abin da ban zarga ba. Na ce ko akwai kuskure a rahoton, ko wani ya kai sukarmu, ko 'ya'yansa ne suka hana shi. Turaren nan ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba.

Wata Juma'a na je gaida gwaggona a Jurf, yayar mahaifina, wadda ba ta taɓa yarda ta yi mini Larabci ba sai in zagi ya kama. Tana tsince shinkafa ta dube ni ta ce na rame kamar wanda ya yi jinya. Na kwashe labari na gaya mata, na zo kan turaren a matsayin abin da ba shi da muhimmanci. Sai ta ajiye faranti ta riƙe baki. Ta tambaye ni da wane harshe na ƙi, kuma su wa ke wurin. Da na faɗa mata, ta yi mini wankin babban bargo.

"Kai dai an yi ɗan boko mara kan gado. Tukuici ai amsa ce, ya waladi. Yana gaya wa wanda ya aiko ka cewa saƙo ya iso kuma an ji daɗinsa. Da ka ja shi gefe ka ce, Baba a yi mini haƙuri, sun ɗaure mini hannu, wallahi da ya gane. Sai ka rasa abin ɗaukowa sai mamnu'u. Ka san sau nawa ya ji kalmar nan ta bakin tagar ofishin hukuma, shi da uwarsa, suna neman iƙama, takardar zama? Yau ga jikan Bahaushe ya bi shi har gonarsa ya faɗa masa ita a gaban tsaransa."

Na ji tsoro, na ji haushin kaina, don abin da ta faɗa a cikin rahotonmu yake, shafi bayan shafi, ni ne ma na yi tafinta lokacin da ake hira da tsofaffin.

Washegari na shiga wajen Dakta na roƙe shi ya ba ni izini in koma in karɓi turaren. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ya fahimta kuma abin ya dame shi, amma in ya buɗe ƙofar nan sau ɗaya ba zai iya rufe ta ba. Ya ce in na karɓa na san abin da na sa wa hannu. Ban ga laifinsa ba, har yanzu ma ban gani ba. Sai dabara ta zo mini, irin dabarar wanda hankalinsa ya tashi. Na rubuta takardar ajiye aiki na ajiye masa a tebur. Lissafina shi ne in je a matsayin wanda doka ba ta hau kansa ba, in karɓi turare, dattijo ya huce, gida ya zo, daga baya Dakta ya mayar da ni.

Da hantsi na isa Awali. Wannan karon ban tambayi mai gadi ba, na ce masa zan jira ko zuwa yaushe ne, na zauna a bakin ƙofa cikin rana. Bayan kamar awa guda aka ce in shiga. Yana zaune shi kaɗai yana kallon masu gyaran dabino. Na cire takalmi tun daga nesa, na tsuguna, na gaishe shi da karkatacciyar Hausata. Ya amsa, ya tambayi mutanen gida.

"Baba, na yi kuskure. Na zo karɓar tukuicina."

Ya dube ni ya ce, "Wa ya aiko ka?"

Na ce ba kowa, na ma ajiye aikin jiya don in samu damar karɓa. Na faɗa ne ina jiran ya yaba. Sai ya yi dariya har da tari, ba dariyar mugunta ba, irin wadda babba ke yi wa yaron da ya sa riga a bai-bai.

"Ɗana, tukuici ai na ɗan aike ne. Kai yanzu ba ɗan aiken kowa ba ne. Me zan ba ka?"

Ya sa aka kawo abinci, ya matsa mini sai da na ci, muna sa hannu a faranti ɗaya. Sai da muka wanke hannu sannan ya gaya mini cewa gidan ya riga ya fita daga hannunsa tun ranar Alhamis. Ya yi wakafinsa ga tsofaffin mata baƙi da ba su da kowa a garin, har an fara share ɗakunan.

"Ban riƙe ka a rai ba," in ji shi. "Zama na yi na yi tunani. Na ce masu cewa za su yi magana a madadin tsofaffin nan, in dai wannan kalmar ce ke fara zuwa bakinsu, gara in ba tsofaffin ɗaki da hannuna tun ina da rai."

Ya rako ni har bakin ƙofa da kansa, ya yi mini addu'a. Na shiga mota na daɗe ban tayar ba, don ban san inda zan nufa ba, ofis dai ba nawa ba ne kuma.

Bayan Hajji cibiyar ta koma ɗaki biyu a saman wani kanti. Littattafan suka zauna a kwali, masu binciken suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, ba a yi shekara biyu ba aka rufe. Dakta bai mayar da ni ba, ba shi ma da inda zai sa ni. Daga baya na sami irin aikin a wani wuri, na yi shekaru masu yawa ina yinsa, ana ma cewa na iya.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, shekara biyu na yi ina nazarin abin da mutumin ya mallaka, na san gonakinsa, na san irin gahawar da yake so, amma ban taɓa neman sanin inda ke yi masa ciwo ba. Ƙin karɓa ba laifi ba ne, akwai dai yadda ake ƙi, da wurin da ake ƙi, da harshen da ake ƙi da shi. Mutum yana iya kasancewa da gaskiyarsa ya kuma yi ɓarna da ita. Tawa gaskiyar ta ci aikin mutum takwas, kuma har yau ban sami bakin ɗora wa doka laifin ba.