Waya Ta Biyar

Ranar kasuwar Sabon Birni ce, bayan an gama yankan gero, shekarar da na shiga aji shida na firamare, Yaya Nasiru ya shigo gida da la'asar da wani kwali ɗaure a bayan babur. Ina bakin turmi ina surfe, ban san sa'ar da na saki taɓarya ba. Yaya shi ne babba a ɗakinmu, fatauci yake yi tsakanin kasuwanninmu da Maraɗi, kuma duk abin da ya shigo da shi, kurin da zai yi mana ya fi abin girma. Ya buɗe kwalin a gindin rumbu, ya zaro wani farin akwati da bai kai faifai faɗi ba, ya ce sunansa rauta. A lokacin sabis ɗin waya ya ƙaurace wa ƙauyenmu da ke gefen Kurawa, mai son kira sai ya hau tudu ko bishiya yana miƙa waya sama. Yaya ya ce wannan akwatin zai jawo sabis ɗin Nijar daga nesa ya raba mana cikin gida. Baba ya dubi akwatin, ya dubi Yaya, ya ce, "Abin da ka jawo magana daga wata ƙasa, kai ka san mi shika kai musu?"

Ni dai idona na kan hannun Yaya. Ya soka layin Nijar a wani ɗan rami da ke bayan akwatin, ya murɗa masa eriya biyu suka miƙe kamar ƙahon akuya, ya haɗa igiyarsa da batirin solarmu, sannan ya danna maɓalli. Fitila ta kawo ja. Ya kai shi zaure, ja. Ya kai shi bakin rijiya, ja. Sai da ya kafa tsani ya cusa shi ƙarƙashin jinkar rumbu, ta ɓangaren arewa, sannan fitilar ta koma kore, muka sa ihu. Ya kife akwatin ya nuna mini wata 'yar takarda manne a ƙasansa, mai ɗauke da sunansa da lambar sirrin da aka yi shi da ita. Ya fara gwadawa da wata tsohuwar wayarsa mai fasasshen gilashi, da ya ga ta kama ya jefa ta aljihu, ya shiga sa wa mutane lambar. Waya huɗu aka ɗora a kai: tasa, ta Baba, ta Innarmu, da ta Liman maƙwabcinmu. Baba ya kafa doka, kada a ƙara wa kowa, kuma kafin magariba a sauke abin, don kada fitilarsa ta nuna gidanmu.

Hawa rumbun nan ya faɗo kaina, tunda ni ce marar nauyi. Da safe in na dawo ɗiban ruwa sai in goge solar da tsumma, in hau tsani in mayar da akwatin, in danna maɓallin, in jira kore, sannan in sauko. Ina son aikin ƙwarai, don daga can sama nake fara hango Dudu tana ratso karan gonaki da ƙwarya a ka, 'yarta Hajo na biye. Dudu Bafulatana ce, mijinta Buba ke riƙe da shanun Baba biyu tun kafin a haife ni. Ba ta sallama a gidanmu kamar baƙuwa, kai tsaye take wucewa ƙofar ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba, ta sauke ƙwarya ta dama mata fura. Kaka kuwa, mai tsari ce. Ba ta kunna rediyonta sai furar ta damu, ta jingina da bango tana kurɓa tana sauraren karatu, in ta gama ta kashe don kada caji ya ƙare. Ni da Hajo kuma mu lallaɓa bayan rumbu mu baza duwatsun carafke. Yarinyar nan hannunta kamar na aljana, ban taɓa cinye ta ba, kuma in ta ci sai ta yi mini gwalo.

Amma shekarun ba na kwanciyar hankali ba ne. Ɓarayin daji sun matsa wa ƙauyukan da ke tsakaninmu da Isa, kuma kalmar da ta fi kowace yawo a bakin mutane ita ce infoma, wato mai kai musu rahoton wanda ya sayar da sa, ko wanda ɗansa ya aiko da kuɗi. Mutum ya daina faɗa wa ɗan'uwansa ranar da zai ci kasuwa. In baƙo ya tambayi hanya, sai an bi bayansa da ido har ya ɓace. Duk wanda aka liƙa wa sunan nan, to, sai dai Allah ya kyauta.

A cikin wannan hali ne wata safiya Yaya ya buɗe shafin rautan a wayarsa, inda ake ganin duk wayar da ke shan sabis ɗin, don ya ga data na ƙarewa da wuri. Na ga fuskarsa ta canza. Waya biyar ya gani, ba huɗu ba. Ta biyar ɗin ba ta da suna, wasu haruffa ne kawai da lambobi a cakuɗe. Wayyo, gidanmu ya birkice! Aka fara da ni, tunda ni ke ganin takardar ƙasan akwatin kullum. Na rantse har na yi kuka. Aka koma kan yaran Liman, Liman ya tattara su ya zazzage musu aljihu. Innarmu ta daina barin mata masu zuwa aron turmi su daɗe. Baba ya kasa cin abinci, yana cewa in infoma ne ke kira ta kan rumbunsa, gobe shi za a ce ya kafa wa ɓarayi tasha.

Yaya ya zauna gadin shafin nan kamar mai gadin tsuntsu a gonar dawa, har ya gano cewa baƙuwar wayar ba ta yini. Da hantsi take bayyana, ta ɗan jima, ta ɓace. Ba wanda ya ambaci suna, amma kowa ya san wa ke shigowa gidanmu da hantsi. Washegari Dudu ta shigo, ta sauke ƙwarya, ba a jima ba Yaya ya ɗago kai daga wayarsa ya gyaɗa wa Baba. Tana fita, baƙuwar wayar ta ɓace. Kashegari ma haka. Innarmu ta yi kamar tana taya ta sauke kaya, ta ɗaga faifai, ta lalube gammo, ba ta ga komai ba. Maimakon hakan ya wanke Dudu, sai aka ce ai a jikinta take ɓoyewa. Na buɗe baki na ce Dudu ko lambar kuɗi ba ta iya karantawa, balle lambar sirri, Yaya ya daka mini tsawa ya ce akwai masu sa mata. Kaka kaɗai ta tsaya. Ta ce, "Wagga ɗiya a hannuna ta girma, ku ji tsoron Allah!" Aka ce tsufa ne.

Ranar da aka tare Dudu a zaure, ina kan tsani, ina jin komai. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce mata daga yau ta riƙa tsayawa waje, za a aiko yaro ya karɓi nonon. Ta ce, "Malam, mi na yi?" Ya ce ba komai, zamani ne. Hajo ta ɗago kai ta dube ni a kan rumbu, duwatsun carafkenmu na ƙulle a gefen zanenta. A ranar ne kuma Yaya ya shiga shafin ya sauya lambar sirri, ya sake sa wa wayoyin nan huɗu sabuwa. Da gari ya waye, waya ta biyar ba ta zo ba. Yaya ya riƙa yawo tsakar gida yana nuna wa kowa, "Kun gani ko? Kun gani!" Kuma magana ba ta tsaya a gidanmu ba, ta fita ta zaga gari. Mata suka daina sayen nonon Dudu. Samari suka fara zagaya rugarsu da sanduna. Wata safiya na hau rumbu, sai na hango shanun Baba ɗaure a jikin darbejiyar ƙofar gida, sun yi ɓul-ɓul, har da ɗan maraƙin da ba mu san an haifa ba. Buba ya kwashe iyalinsa sun ƙetara Nijar.

Damina ta zo ta wuce. Wata rana wayar Yaya ta faɗa randa, ya sayo sabuwa, ya zo sa lambar sirrin nan da ya ƙirƙira, sai ya ga ya manta ta ƙaf. Ya ce ba komai, akwai mafita. Ya sa na tsinko masa ƙayar aduwa, ya zura ta cikin wani ɗan ƙanƙanin rami a bayan rautan, ya danne har fitilu suka ɗauke suka dawo. Ya ce yanzu abin ya koma yadda ya fito daga kwali, da tsohon sunansa da tsohuwar lambarsa, ya bi wayoyin nan huɗu ya mayar musu da ita. Washegari da hantsi na dama wa Kaka fura, don aikin ya dawo kaina. Tana kurɓa ta kunna rediyonta. Sai na ji Yaya daga gindin rumbu yana cewa innalillahi. Waya ta biyar ta dawo, da haruffanta da lambobinta.

Rediyon Kaka ashe tsohuwar wayar nan ce mai fasasshen gilashi. Yaya da kansa ya zare layinta, ya zuba mata karatu, ya ba ta. Tunda ba ta kira, ba wanda ya ƙara lissafa ta cikin wayoyi. Ita kuwa ba ta manta lambar da aka gwada ta da ita ranar farko ba, da an kunna ta sai ta kama. Kaka ta kashe, biyar ta koma huɗu. Ta kunna, ta dawo. Baba ya ce a sake. Aka sake. Ya zauna daɓas a bakin turmi ya cire hula, ban taɓa ganin kansa a buɗe tsakar gida ba sai ranar. Can ya ce, "Za ni nemo su." Ya bi Yaya Maraɗi, ya bi kasuwannin dabbobi yana tambayar Buba mai mata Dudu. Masu wannan suna ba su ƙirguwa, amma ba namu a ciki. Kaka ba ta ƙara kunna wayar nan ba har ta koma ga Allah.

Yanzu ina Sakkwato ina karatu, kuma a gidan da muke haya akwai rauta a kan taga, ni nake kula da shi, tunda na fi kowa sanin kansa. Wani lokaci nakan buɗe shafin in ga wayar da ban sani ba, abokan zamana su ce in sauya lamba maza. Nakan ce su bari tukuna mu fara duba ɗakunanmu. A gida kuwa sabis ya dawo, kowane yaro da wayarsa, madarar gari ake damawa da fura, ba mai ratso karan gonaki da hantsi. In na je hutu nakan zagaya bayan rumbun nan, inda ƙasa ta yi laushi saboda zamanmu. Maraƙin nan ya zama bijimi, Baba ya ƙi sayar da shi, ya ce na Buba ne.